Yadda Injiniya Ya Gyara Bakin Surukinsa

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya, shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya kai wa wata fanka mari ta ci gaba da juyawa. Sana'arsa ta ainihi sayar da caja da rigar waya ce, a wani ɗan shago da ke tsakanin na Tela da na Mai Aski. Amma tun daga marin nan ya sayi abin gwada wuta ya soke a aljihun gaba, duk wani abu mai aiki da lantarki a layin ya shiga uku. Rediyon Mai Aski har yau ba ya kama tasha sai an kwantar da shi rub da ciki, dutsen gugar Tela kuwa sai ya ga dama yake zafi. Duka aikin Injiniya ne.

Wata Lahadi suka je gaida surukarsa Inna, shi da matarsa, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙaramar gidan. Inna ta tsufa, yanar ido ta rage mata gani, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Ta sa aka jawo mata akwatinta, ta lalubo wani tsohon kaset ɗin bidiyo naɗe cikin ɗankwali.

"Ranar da muka tare a gidan nan aka ɗauka," in ji ta. "Auta ma tana goye. Babanku na ciki yana magana. Shekara ashirin ke nan da rasuwarsa, muryarsa ta fara ɓace min a kunne. An ce ana juye irin wannan a wayar hannu. Ni dai muryar nan nake so in ƙara ji."

Yaya, babban ɗanta, direban babbar mota ne, mutum mai ƙarancin magana da faɗin tafin hannu. Ya ce, "Gobe sai in kai wa Mai Hoto."

Injiniya ya zabura kamar an taka masa yatsa. "Mai Hoto? Haba Yaya! Da ni a gidan nan? Ai wannan ko ina gyangyaɗi zan yi shi. Inna, ki sa a gaya wa kowa da kowa, Lahadi mai zuwa a hallara. Za ku ga Baba garau, kamar ya shigo ya zauna."

"Shi ke nan kaset ɗin, babu wani," in ji Yaya, yana kallonsa.

"Ai hannun da ya dace ya shigo."

Auta ta buɗe baki, ta tuna fankarsu ta ɗaki da yanzu baya take juyawa, ta rufe.

Litinin da hantsi Injiniya ya kulle shago. Ya aro tsohuwar na'urar kunna kaset, ya samo wata waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, da wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ya baje su a tsakar falo, ya gayyato Tela da Mai Aski su zo su ga ilimi. Aka kunna, kaset ya yi ta juyawa har ƙarshe, sai dai bai bari kowa ya leƙa ba, wai kallo yana raba wa na'ura hankali. Da aka gama, tun kafin ya duba, ya tura wa Auta a wayarta.

"Ki ajiye, wata rana ki nuna wa jikoki irin mijin da kika aura."

Sannan ya danna, suka zuba ido.

Ga tsakar gidan Inna nan sabo fil. Ga Yaya siriri, da gashi cike da kai. Mai ɗauka ya nuna wani zakara a kan katanga yana miƙe wuya, shiru ba a ji komai ba. Ya juyo kan Baba, yana zaune a kujera cikin kamala, dattijo mai kwarjini. Baba ya gyara zama, ya buɗe baki, sai ga cara ta fito, doguwa, har da karkarwa a ƙarshe.

Mai Aski ya zame daga kan kujera.

Ba a nan ta tsaya ba. Baba ya yi ta motsa baki, abin da ke fitowa kukan jaririya ne. Da mai ɗauka ya kai kan wata akuya da ke ɗaure a gindin bishiya tana tuƙa, sai ga muryar Baba, mai kauri, a natse: "Ina godiya ga duk wanda ya tako ya zo." Akuya ta ci gaba da tuƙa tana yi wa jama'a nasiha a kan zumunci. Kuma abin ƙaruwa yake yi. Da farko murya na bin hoto a baya da kaɗan, kafin ƙarshe sai mutum ya gama magana ya tashi ya fita sannan a ji ta.

Tela ya share hawaye ya ce, "Wallahi akuyar nan ta fi wasu mutane hankali."

"Ku yi min shiru!" in ji Injiniya. Ya juya ga Auta, wadda ta dafe ciki a bakin ƙofa. "Ke kuma goge wanda na tura miki. Yanzu!"

"To," in ji Auta.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Mai Hoto, wanda shagonsa ke ƙarshen layi. Mutumin kirki ne, ya tako da kansa har ƙofar gida.

"Injiniya, na ji murya ta makara. Abu ne mai sauƙi, yana faruwa da kowa. A kwamfuta ake raba murya da hoto, a ja ta baya kaɗan, a ɗan tsuke ta har su daidaita. Kawo in yi maka, kafin ka sha shayi an gama."

"Ka raba murya da hoto?" Injiniya ya yi dariyar manya. "Ka taɓa ganin an raba mutum da muryarsa ya rayu? Malam, kai ɓoye ciwo kake yi, ni tushensa nake nema. Je ka ci gaba da cewa mutane su yi murmushi."

"Ni dai kar ka yawaita kunna kaset ɗin, ya tsufa."

"Kaset ɗinka ne?"

Mai Hoto ya sa kai ya tafi.

Talata Injiniya ya tashi da tushen ciwo a hannu. Ya tara Tela da Mai Aski ya yi musu bayani. Hoto, in ji shi, ba shi da nauyi, shi ya sa yake wucewa fit ta cikin wayar rawaya. Murya kuwa nauyi gare ta, balle muryar dattijo, sai ta gaji a hanya. Maganin abin a rage mata tafiya.

"Tela, miƙo almakashinka."

"Na yankan yadi ne fa."

"Yau zai yanki abin da ya fi yadi daraja."

Ya datse ja da fari, ya rage musu tsawo, ya murɗe su da haƙori, ya naɗe da salatif. Almakashi ya yi gibi biyu. Aka sake juye kaset daga farko. Da aka gama kwamfuta ta fito da wani ɗan akwati tana tambayarsa wani abu, shi kuwa ɗabi'arsa ce duk abin da na'ura ta tambaya ya ce mata e, don kar ta raina shi. Tambayar kuwa ita ce ko ta share na jiya ta ɗora na yau a kansa. Ta share.

Aka kunna. Hoto garau. Baba ya buɗe baki, shiru. Akuya ta yi tuƙa, shiru.

"To ai an samu ci gaba," in ji Mai Aski. "Yanzu ba ta makara ba, ta fasa zuwa ne gaba ɗaya."

Laraba ya kwance wayar talabijin ɗin Mai Aski, mutane na tsaka da kallon ƙwallo, wani da rabin kai a aske. Sabon ilimin shi ne gangara. Tunda murya nauyi gare ta, in aka ɗora na'ura a sama aka ajiye kwamfuta a ƙasa, ai da gudu za ta sauko, har ma a roƙe ta ta jira hoto. Ya ɗora kujera a kan tebur, ya hau, ya kai na'ura saman durowar kaya. Wayar ba ta kai ƙasa ba, don haka ya sa Tela ya tsaya riƙe da kwamfuta a kai.

"Kar ka motsa."

"Wuyana fa?"

"Wuyanka ya fi Baba ne?"

Kaset ya fara juyawa. Can sai na'ura ta yi wani ƙugi, ta yi tari, ta koma wani ƙara irin na mai tauna ƙashi. Injiniya ya yi abin da ya iya, ya kai mata mari. Na'ura ta sulɓe, Tela ya yi tsalle gefe, kujera ta bi tebur, Injiniya ya bi kujera. Da ƙura ta lafa yana zaune a ƙasa, na'ura a cinyarsa, baƙin zaren kaset ya fito ya naɗe masa wuya da kunne.

Suka yi ta ja da cokali. Abin da ya fito ba ya ɗinkuwa, Tela da kansa ya duba ya ce ko shi ba zai iya ba. Zaren ya tsinke gida huɗu, ya cukurkuɗe, wani wajen ma ya narke.

A nan Injiniya ya gane girman ɓarnar da ya yi. Murya babu a kwamfuta, babu a kaset, ta wayar Auta kuma shi da bakinsa ya ce a goge. Ya tuna Inna tana lalubar ɗankwalin nan, ya ji kunya ta rufe shi. Ya tuna tafin hannun Yaya, ya ji fitsari. Ya tattara zaren ya cusa a ƙarƙashin gado kafin Auta ta dawo daga kasuwa.

Mutum mai hankali da a nan zai je ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Injiniya kuwa Alhamis da sassafe ya faɗo shagon Mai Aski yana washe baki.

"Na gano! Me ake nema? Baki ya motsa, magana ta fito daidai. Hoto na nan. Jawabin Baba kuwa na ji shi. Ni zan yi muryar."

Mai Aski ya ajiye abin aski. "Kai ka taɓa ganin marigayin ma?"

"Murya ai ba a fuska take ba. Kai za ka yi zakara. Tela, kai ne akuya."

"Ni ne me?"

"Kuka biyu ne kawai, kar ka cika min kunne."

Suka shige bayan shagon Tela da tsakar rana, suka lulluɓa da bargo su uku, wai don kar ƙarar titi ta shiga. Zufa kamar an kwara musu ruwa. Injiniya ya cusa ƙyalle a kumatu don murya ta yi kauri, yana kallon bakin Baba a kwamfuta yana bi. Fiye da sau goma ana sakewa, don Mai Aski cararsa ta fi ta zakaran tsawo, Tela kuma da zarar ya ce "mee" sai dariya ta ƙwace masa. Matsala ɗaya, Baba ya yi ta magana minti shida, abin da Injiniya ya riƙe bai fi na minti biyu ba. Bakin na motsi, dole a zuba masa wani abu. Injiniya ya zuba.

Ranar Lahadi falon Inna ya cika maƙil. 'Ya'ya, jikoki, surukai, maƙwabta, har Mai Hoto ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Tela da Mai Aski suka zauna kusa da taga, don ko da wani abu. Aka zaunar da Inna a gaba. Injiniya ya sha sabuwar riga, abin gwada wuta na ƙyalli a aljihu, ya yi jawabin buɗe taro a kan nauyin murya da gangara har Yaya ya ce, "Kunna."

Zakara ya miƙe wuya, cara ta fito daidai. Injiniya ya waiga ya kalli Mai Hoto. Baba ya gyara zama, ya buɗe baki, magana ta fito tare da leɓe, ko ƙiftawar ido babu tsakani.

"Ina godiya ga duk wanda ya tako ya zo."

Mata suka fara share ido. Wata gwaggo ta ce, "Allah sarki, mura yake yi ranar." Inna dai ta karkatar da kai gefe ɗaya.

Baba ya gama zancen zumunci, ya shiga wani sabo.

"Sannan ina yi muku wasiyya da wannan jaririya Auta. Wata rana wani yaro mai ilimin na'ura zai zo neman aurenta. Ku riƙe shi da kyau. Kar a dinga katse shi in yana magana. In ya zo gidan nan a dinga ba shi kujera mai hannu."

Yaya ya juyo a hankali.

"Kai kuma babban ɗana, ka rage zafin rai, ka dinga ara masa mota."

Daidai nan wata waya ta yi ƙara a cikin bidiyon, irin kiɗan da duk layin suka sani na wayar Injiniya, a shekarar da ko wayar hannu ba a fara gani ba. Marigayi ya yi tsaki ya ce, "Kai, kashe min ita." Aka nuno akuya. Ta ce "mee", ta fashe da dariya, sannan ta ce, "Wallahi Injiniya zafi zai kashe mu a bargon nan."

Tela ya bi ta taga. Mai Aski ya bi Tela.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Jikoki na birgima a ƙasa, gwaggo na salati, wani kawu na tambaya ko dama marigayi ya san gaibu. Injiniya ya miƙe yana ɗaga hannu.

"Jama'a, ku lura da leɓen! Ku dubi yadda ya dace! Ko Mai Hoto ya isa ya..."

"Kashe," in ji Inna.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Aka kashe.

"Ni ba na ganin leɓe, ɗan nan. Ko fuskarka ba na gani. Tun kalmar farko na san kai ne, na yi shiru in ji iya inda za ka kai. Wasa ya ƙare. Sa min muryar mijina."

Injiniya ya sauke hannunsa. Ya fara zancen gangara, ya ga Yaya ya miƙe tsaye, sai gaskiya ta zubo da kanta: almakashi, durowa, mari, zaren da ke ƙarƙashin gado. Yana gamawa ya durƙushe.

Babu wanda ya yi dariya. Inna ta shafa ɗankwalin da ke cinyarta, wanda ta zo da shi don a mayar mata da kaset ɗinta a ciki. Ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa.

"Shi ke nan," ta ce. "Ya tafi ke nan."

Yaya ya fara naɗe hannun riga. Injiniya ya rufe ido yana jiran abin da ya saba yi wa fanka.

"Yaya, dakata," in ji Auta. Ta zaro wayarta daga jaka. "Na ranar farko yana nan."

Injiniya ya buɗe ido ɗaya. "Ba na ce ki goge ba?"

"Ka ce. Shekara nawa ina aurenka? Duk abin da ka ce ya lalace, shi nake ɓoyewa."

Ta danna, ta sa wa Inna a hannu. Baba ya buɗe baki ya yi cara, yaran suka toshe baki. Aka nuno akuya tana tuƙa, sai ga muryar, ta gaske, mai kauri, a natse, da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara magana. Inna ta kai wayar kunnenta ta rufe ido. Akuya ta yi godiya, ta yi zancen zumunci, ba wanda ya ko murmusa. Yaya, da hannun riga a naɗe, ya juya ya fuskanci bango.

Can wajen ƙarshe, hoto na nuna wata kujera da ba kowa a kai, muryar ta ɗaga, da dariya a cikinta: "Ina maman yaran nan? Ke, fito mana a ɗauke ki! Kullum sai kin ɓuya."

"Ga ni nan," in ji Inna a hankali. Hawaye na bin kumatunta, tana murmushi. "Ga ni nan, mai gida."

Mai Hoto ne ya matso daga bakin ƙofa, ya rage murya ya ce, "Inna, in kin yarda a ba ni, yanzun nan zan daidaita shi, murya ta koma bakinsa."

Injiniya, da ya ga guguwa ta wuce, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Ai ni ma abin da nake shirin yi ke nan. Kun ga dai ni na juye shi tun farko. Auta, miƙo wayar, taɓawa ɗaya ya rage..."

Tafin hannun Yaya ya sauka a ƙeyarsa, bai buga ba, ya dai ajiye shi a wurin. Injiniya ya koma ya zauna.

Inna ta naɗe wayar Auta cikin ɗankwalin, ta ƙulle, ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Auta, mijinki ya saya miki wata, wannan ta zama tawa. Ku kuma ku ji da kyau, da mai hoto da mai mari. A bar min shi a bakin akuyar. Duk wanda ya sake gyara min miji, ban yafe ba."